Umuahia ta ajiye ƙarafan yaƙin basasa, wa ya ajiye sunayen mutanen?

A Umuahia, babban birnin jihar Abiya, akwai jirgin ruwan yaƙi da ke zaune a kan tudu, nesa da teku. Sunansa NNS Bonny, yana cikin jiragen da sojojin ruwan Najeriya suka yi aiki da su a yaƙin basasa. A farfajiyar da yake ajiye akwai jiragen sama ƙirar Tarayyar Sobiyet, MiG-17 da Ilyushin 28, irin waɗanda gwamnatin tarayya ta yi ruwan bama-bamai da su, wasu ma matuƙa 'yan Masar ne suka tuƙa su. Kusa da su ga ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin waɗanda Baturen Suwidin nan Carl Gustaf von Rosen ya kawo wa Biyafara, yankin Gabas da ya ɓalle daga Najeriya, a 1969, aka ɗaura musu rokoki aka kai hari filayen jiragen sama na Fatakwal da Benin da Inugu. Ga motocin sulke da aka ƙera a gida, an lulluɓe su da farantan ƙarfe da walda. Ga kuma Ogbunigwe, nakiyar da injiniyoyin Biyafara suka haɗa da ɓaraguzan ƙarfe, wadda ma'anar sunanta a harshen Ibo ita ce mai kashe jama'a da yawa a lokaci guda.

Wannan shi ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa. An kafa shi a 1985, zamanin Buhari da Idiagbon, yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya. Ba da ka aka zaɓi wurin ba. A nan ne ramin da gidan rediyon Muryar Biyafara ya ɓuya yana watsa shirye-shirye, bayan Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a Oktoba 1967 aka mayar da hedikwatar Biyafara Umuahia. A ciki akwai ɗakin makaman gargajiya, da ɗakin tarihin rundunonin sojan Najeriya, da ɗakin yaƙin basasar kansa. A wata unguwa daban cikin garin akwai maɓoyar Ojukwu, jagoran Biyafara, ginin ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna da ƙofofin tsira, inda shugabannin Biyafara suka riƙa taro kafin garin ya faɗi a Afrilu 1969.

Duk wanda ya samu hali ya je, ya kamata ya je. Amma akwai abin da ke damuna game da wurin, shi ne dalilin wannan rubutu. Mai ziyara yana fitowa ya san da me aka yi kisa, bai san wa aka kashe ba. Yaƙi ne da aka yi wata 30 ana gwabzawa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, kuma har yau ƙiyasin mamatansa yana yawo ne tsakanin rabin miliyan da miliyan uku. Ka dubi faɗin wannan tazara. Mafi yawansu ba harsashi ya kashe su ba, yunwa ce da tamowa, kuma yara ne ƙanana. Ƙasar da ba ta ƙirga gawarwakinta ba, ta yaya za ta rubuta sunayensu?

Tambayar ita ce me ya sa aka tsaya a kan ƙarfe. A fahimtata sakaci kaɗai bai isa ya bayyana shi ba.

Matsalar tana farawa ne tun daga jimlar farko. Ka tambayi dattijo a Kaduna ko Sakkwato yadda yaƙin ya samo asali, zai fara maka daga daren 15 ga Janairu 1966: yadda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu a gidansa, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas sai gawarsa aka tsinta, aka hallaka manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Ka tambayi dattijo a Aba ko Owerri, zai fara daga watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoban 1966, lokacin araba, da aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka cika jiragen ƙasa suka gudu gida, da kisan shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi a Badun ranar 29 ga Yuli. Mutumin Kalaba ko na Ogoni ko Ijo zai ba ka labari na uku, na ƙananan ƙabilun da aka sa su cikin taswirar Biyafara ba tare da an nemi yardarsu ba, suka sha wuya a hannun ɓangarorin biyu. Dukkan waɗannan abubuwa sun faru. Sai dai duk wanda zai rubuta allon bayani na farko a ƙofar gidan tarihi dole ya zaɓi ranar da zai fara, kuma zaɓin nan tamkar yanke hukunci ne a kan wanda ya fara laifi. Bindiga ba ta buƙatar wannan. Ka rubuta sunanta da ƙasar da ta ƙera ta, ka wuce, ba wanda zai yi fushi.

Sannan ga maganar da Janar Yakubu Gowon ya rufe yaƙin da ita, cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. Ina ganin girman wannan magana, kuma ban yarda a raina ta ba. Da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a barikin Dodan, bayan Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa, duniya ta zaci za a yi ramuwar gayya mai muni. Ba a yi ba. Ba a kafa kotun rataye jagororin Biyafara ba. Aka shelanta sulhu da gyara da sake gini, aka kafa hidimar ƙasa a 1973 don matasa su zauna a yankin da ba nasu ba. Cikin 'yan shekaru 'yan kasuwar Ibo suka dawo Sabon Garin Kano da Zariya da Jos, da yawa suka tarar maƙwabtansu sun riƙe musu gidaje, har da kuɗin hayar da aka tara. A 1979, shekara tara kacal bayan yaƙin, Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shehu Shagari, kuma Shagarin ne ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982.

Amma maganar ta zo da farashi. In babu wanda ya yi nasara, to ba a gina hasumiyar nasara, wannan daidai ne. Abin da ya biyo baya shi ne ba a gina wurin makoki ba ma. Aka ɗauki yafiya da shiru abu ɗaya ne. Su kuwa mutanen Gabas sun riƙe abubuwan da shirun bai share ba: fam 20 da aka ba kowane mai ajiya a banki komai yawan kuɗin Biyafaran da ke hannunsa, da gidajensu na Fatakwal da aka ce dukiya ce da aka yasar. Rauni ne da aka ɗaure ba a wanke ba.

Dalili na gaba ya fi sauƙin gani. Waɗanda suka yi yaƙin su ne suka mulki ƙasar. Gowon, Murtala, Obasanjo, Buhari, Babangida, Abacha, Abdulsalami, duk hafsoshin wannan yaƙi ne. Biyu daga cikinsu sun sake dawowa ta akwatin zaɓe, na ƙarshe ya sauka a 2023. Binciken tarihin yaƙin basasa, na tsawon rabin ƙarni, bincike ne a kan rayuwar masu riƙe da mulki. Da aka kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa a 1999 don duba take haƙƙin ɗan Adam, mutane sun zo sun ba da shaida suna kuka a bainar jama'a, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba. Wajen 2009 kuma aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, ya shafe fiye da shekara goma kafin a ce a mayar da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan, a Facebook da WhatsApp suka koyi yaƙin basasa, kowa daga bakin mai zugar ɓangarensa.

Yanzu mu fita daga Umuahia mu bi filayen dagar.

An harba harsashin farko a Gakem, kusa da Ogoja, a arewacin jihar Kuros Riba ta yanzu. A lokacin gwamnati tana kiran abin aikin 'yan sanda ne, wai cikin makonni za a gama. A watan Agusta dakarun Biyafara suka haye kogin Kwara suka mamaye yankin Tsakiyar Yamma, suka kai har Ore a hanyar Legas. Wannan ne ya sa aka haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa aka damƙa wa Kanar Murtala Muhammad. Sojan da bai wuce mutum dubu 10 ba kafin yaƙi, sai da ya kai kusan dubu 250 a ƙarshensa. Su waye suka cike wannan gurbi? Samari ne daga Tibi da Filato da Kudancin Zariya da Borno da Kano da Katsina da ƙasar Yarabawa, manoma da 'yan dako da leburori, wasu horon 'yan makonni aka ba su aka loda su a jirgin ƙasa.

A gaɓar kogin nan, tsakanin Asaba da Anacha, akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗan Arewa ya sani tare, kada ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Na farko ya faru ne ranar 7 ga Oktoba 1967. Sojojin tarayya sun shiga Asaba, garin da ba ya ma cikin Biyafara, ko da yake mutanensa Ibo suke ji. Jama'ar gari suka fito cikin fararen tufafin al'ada, suna rawa suna kiran Najeriya ɗaya ce, don su nuna biyayya a bar su lafiya. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari gefe, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka zuba su a manyan ramuka. Mutanen Asaba da kansu suka riƙa tattara sunayen mamatan gida-gida, suka kafa wurin tunawa, suna taruwa duk Oktoba. Wannan aiki ne na sojojin da ke sanye da kakin Najeriya, ƙarƙashin Runduna ta Biyu. Faɗin haka ba cin amanar Arewa ba ne. Addinin da mafi yawanmu muke bi ya hana kashe wanda ya ajiye makami, balle wanda bai taɓa ɗauka ba.

Na biyu ya biyo baya cikin kwanaki. Dakarun Biyafara sun karya gadar Kwara, wadda aka gama a 1965, suna ja da baya. Hedikwata a Legas ta ba da shawarar a zagaya ta arewa, Murtala ya zaɓi a haye kai tsaye da jiragen fito. Aka gwada har sau uku, duk aka kasa. Waɗanda suka isa Anacha a karon farko an rutsa da su ba tare da agaji ya iso ba, wasu jiragen kuma an nutsar da su a tsakiyar ruwa. Ka tuna da yawan samarin nan daga ƙasar da babu babban kogi suka fito, ba su iya iyo ba, ga nauyin bindiga da takalmi. Daga baya dole aka zagaya ta Idah, aka ci Anacha a Maris 1968. A ƙarshen watan nan kuma, ranar 31, ayarin motoci kusan ɗari na rundunar ya faɗa kwanton ɓauna a Abagana. Wuta ta kama tankar mai, ta bi layin motocin da ke ɗauke da harsasai. A labarin Biyafara wannan babbar ranar nasara ce, ana ba da ita da alfahari har gobe. A labarinmu fa? Babu ita. Iyayen waɗanda suka ƙone a wurin suna can Gwarzo ko Gboko ko Biu, iyakar abin da suka sani shi ne ɗansu ya tafi yaƙin Ojukwu bai dawo ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ana ɗauka shirun nan mutanen Gabas kaɗai ya zalunta. Ya zalunci namu ma. Kowace 15 ga Janairu shugabanni suna ajiye furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba a Abuja, a saki fararen tantabaru, a ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce. Amma waɗannan sojoji suna da suna, suna da lambar aiki, akwai rajistar da aka rubuta su ranar da aka ɗauke su. Mu da muka taso a unguwannin Arewa mun san waɗanda suka dawo: tsofaffin da ke gadi a ƙofar makaranta ko ma'aikata, wani da ɗingishi, wani ba ya son ƙarar knockout ɗin yara ranar salla, wani ya shekara yana jelen fansho. Mun kira su tsohon soja mun wuce, ba mu zauna mun tambaye su abin da suka gani ba.

A Amurka, inda su ma suka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, sun bi wata hanya. Filin Gettysburg, inda aka yi kwana uku ana faɗa a farkon Yulin 1863, kimanin mutum dubu 51 suka mutu ko suka jikkata ko aka kama, gwamnati ta mayar da shi wurin tarihi tun 1895. Akwai alamomi da gine-ginen tunawa fiye da 1,300 a cikinsa, kowace bataliya an nuna inda ta tsaya. Jihar Pennsylvania ta zana sunayen 'ya'yanta sama da dubu 34 da suka halarci faɗan a kan farantan tagulla. Mutum yana zuwa ya nemo sunan kakan kakansa ya ɗora yatsa a kai. Sai dai kada a ɗauka nasu ya fita tsab. A 1913 tsofaffin sojojin ɓangarorin biyu sama da dubu 50 suka taru a wurin suka yi musabaha, amma an sayi wannan sulhu ne da yin shiru a kan bauta, wadda ita ce tushen yaƙin, a daidai lokacin da ake danne baƙar fata a jihohin kudancin ƙasar. Bashin ya dawo bayan shekara ɗari: rikicin garin Charlottesville a 2017 a kan mutum-mutumin Janar Robert Lee, kwamandan sojojin kudancin da suka ɓalle, da sauke wani mutum-mutuminsa a Richmond a 2021. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne mutum-mutumin janar-janar yana haifar da rigima, jerin sunayen talakawan da suka mutu kuwa ban ga inda ya haifar ba.

Wannan kuma ya dace da mu. Musulmin Arewa ba ya sassaƙa gunkin mutum, kuma ba sai ya yi ba. Amma ziyarar filin daga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane alhaji ne ya je Madina bai tsaya a Uhudu ba, aka nuna masa dutsen maharba, aka nuna masa inda Sayyidina Hamza yake kwance, ya yi sallama ya yi addu'a? Uhudu ba ranar nasara ba ce, rana ce ta kuskure da rashi, kuma ba a ɓoye ta ba, ana koyar da ita ga yara. Kalmar basasa kanta daga yaƙin Basus ta zo mana, wanda ƙabilun Bakar da Taglib, 'yan uwan juna, suka shafe shekara 40 suna yi a kan raƙuma ɗaya. Kano ma ta yi nata tsakanin 1893 da 1895, Tukurawa da Yusufawa, jinin gida ɗaya, kuma har yanzu masana tarihin Kano suna iya lissafa maka garuruwan da aka yi artabu tun daga Takai. Mu mutane ne masu riƙe nasaba da kirari. A wannan yaƙin kaɗai muka bari sunaye suka zube.

Akwai ma abubuwan da ke nuna yadda jinin ya cakuɗe fiye da yadda masu zuga ke so a sani. A Zungeru aka haifi Ojukwu a 1933, yana jin Hausa, kuma shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano ranar juyin mulkin Janairu, bai bi masu juyin ba. Da ya zama gwamnan Gabas, ya naɗa Sarkin Kano Ado Bayero uban Jami'ar Nsukka. Kafin nan, a shekarun 1950, magajin garin Inugu na farko Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, kuma zaɓensa aka yi. Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, haifaffen Kaduna ne har ana kiransa da sunan garin. An kashe shi kusa da Nsukka a Yulin 1967 yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar soja. Gidan da ya kai wa hari shi ne Arewa House na yau, cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ke son fahimtar yaƙin basasa daga nan Arewa ya kamata ya fara tafiyarsa: Arewa House, da hubbaren Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Sabon Garin Kano, kafin ya gangara Asaba da Umuahia. Na Gabas kuma ya yi tafiyar ta ɗaya ɓarin.

Ba zan ɓoye cewa tafiyar tana da haɗari a wasu lokuta ba. A 2021 ranakun Litinin a Kudu maso Gabas suka zama na zaman gida na dole a wurare da dama, ranar 30 ga Mayu kuma, ranar da aka shelanta Biyafara a 1967, gari kan yi tsit. A irin wannan rana ce aka kashe ɗan siyasar nan na Adamawa Ahmed Gulak a Owerri a 2021. Mai niyya ya kauce wa waɗannan ranaku, ya nemi shawarar 'yan uwanmu mazauna can, domin kusan kowane babban gari yana da unguwar Hausawa da sarkinta, kuma sun fi kowa sanin hanya.

In ya bi hanyar Anacha zuwa Owerri zai ratsa ta Uli. Direbobinmu masu kai shanu da albasa da tumatir suna bi ta nan dare da rana. Wani yanki na tsohuwar hanyar nan aka faɗaɗa a lokacin yaƙi ya zama filin jirgin sama. Da dare kaɗai ake sauka, a kunna fitilu na 'yan daƙiƙu a kashe saboda jirgin tarayya da ke shawagi a sama. Ta nan ƙungiyoyin coci-coci da Red Cross suka riƙa shigo da madarar gari da busasshen kifi, ta nan kuma makamai ke shigowa, shi ya sa gwamnatin tarayya ta ƙi yarda da jigilar dare, aka yi ta jayayya a teburin sulhu yara suna mutuwa. Matuƙa da yawa sun faɗi a dajin da ke kewaye. Daga nan Ojukwu ya tashi a Janairu 1970.

Yaron da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a shekarar ƙarshe ta yaƙin, yau ya haura 70. Waɗanda suka haye kogi a Asaba sun doshi 80. Suna nan a ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jihohi, da bakin masallatai, da coci-cocin Kafanchan da Makurdi. Sassan tarihi na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta a kai, kuma kowane ɗalibi yana da wayar da ke ɗaukar murya. A tambayi kowane tsoho bataliyarsa, da inda aka kai shi, da abin da ya gani da abin da ya aikata in zai iya faɗa, sannan a ce ya lissafo abokan da suka tafi tare ba su dawo ba, da garuruwansu.